Waiwaye: Yadda makaho da kurma suka zama baƙi a ajin unguwarsu

Duk lokacin da aka koma makaranta a Katsina sai maganar ta taso, a rediyo, a Facebook, har a majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Yaro makaho ko kurma ko gurgu, a sa shi firamaren unguwa tare da sa'o'insa, ko a kai shi makarantar da aka ware wa irinsa? Masu son karatun haɗaka suna cewa haƙƙinsa ne, doka ta ba shi. Malaman aji suna cewa a zo a leƙa ajin tukuna. Akwai kuma masu ganin wani sabon salo ne da baƙi suka shigo da shi jiya-jiya. Su ne suka sa na ga ya kamata a ɗan koma baya.

Farkon labarin kowa ya san shi. Makarantar allo ba ta taɓa korar makaho ba, domin karatunta da kunne ake ɗauka: malam ya biya, almajiri ya maimaita har ya zauna. A unguwarmu an yi wani alaramma makaho da masu ido ke kai wa tilawa yana gyara musu, kuma ba wanda ya ɗauki abin da mamaki, tunda kowa ya san labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum da farkon Suratu Abasa. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu a tsarin masarauta. Kada dai a yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Mafi yawansu bara ce makomarsu, kurma bai samu komai a karatun kunne ba, yarinya mai lalura kuwa sau da yawa ƙuryar ɗaki ce rabonta.

Sai zamanin Turawa ya zo da dabarar warewa. Kutare aka tara su a wurare irin Babbar Ruga. 'Yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, inda ake koyar da rubutun ɗigo-ɗigo da Louis Braille ɗan Faransa ya ƙirƙiro. A 1960 Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan. Duk wannan bai taɓa yawancin gidajen Katsina da Daura ba, don a lokacin ko yaro mai lafiya ba kowane uba ke yarda ya kai boko ba, balle ya tura makaho wata uwa duniya hannun 'yan mishan.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1976 da 1977, kuma a ganina nan ne aka yi mararrabar.

A watan Satumba na 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda dattawanmu ke kira UPE. Lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna. An yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka fito. Aka shiga gina ajujuwa cikin gaggawa, aka cika kwalejojin horon malamai, aka gajarta horon wasu, inda abin ya ƙi aka ɗauki malaman wucin gadi. Ba mugunta ba ce, ambaliya ce ta zo, kowa na neman abin tarewa. Amma a cikin wannan hanzari ne aka yanka wa ajin boko rigar da yake sanye da ita har yau: malami ɗaya, yara birjik, baƙin allo da alli. Malami ya juya baya yana rubutu yana magana, yara su kwafa, ƙarshen zango a yi jarrabawa a rubuce.

Duba wannan ajin da idon yaron da ba ya gani. Abin da ya rage masa, wato kunne, an rage masa daraja, domin ilimi ya koma kan allo. Kurma kuwa, wanda ke tsintar magana daga fuska da leɓe, malami ya ba shi ƙeya. Gurgu ya tarar da dandamali mai matakala da masai da ba zai iya tsugunawa a kai ba. Ba wanda ya rubuta a ƙofa cewa kada su shigo. Sun zo, sun zauna sati biyu ko uku, suka daina zuwa, ba wanda ya bi sawu. Kafin UPE, rashin zuwa boko bai bambanta makaho da maƙwabcinsa ba, tunda dukansu ba sa zuwa. Bayan UPE, unguwa ta watse da safe, shi kaɗai ya rage a zaure.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta ware sashe guda kan ilimin masu buƙata ta musamman, kuma ta nuna cewa haɗa su da sauran yara shi ya fi dacewa, tunda a cikin jama'a za su rayu. Wato maganar da ake kira sabuwa yau tana cikin takardunmu shekara 17 kafin taron ƙasashen duniya kan karatun haɗaka da aka yi a Salamanca ta Sifaniya. A takarda an zaɓi haɗaka. A aikace kuwa hanya ta rabu biyu. A wannan shekarar aka kafa kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman a Oyo, aka ci gaba da buɗe makarantu na daban a jihohi, irin ta Tudun Maliki a Kano, mu ma muka samu ta kurame a Malumfashi da ta makafi a cikin Katsina. Waɗannan makarantu sun yi aiki, sun yaye mutanen da suka zama malamai da ma'aikata, ba mai musun haka. Sai dai sun koya wa malamin firamare na yau da kullum wani darasi da ba a rubuta ba: wannan yaro ba nawa ba ne, yana da nasa malamin a wani wuri. Koyar da mai lalura ya tashi daga aikin kowane malami ya koma sana'ar ƙwararru, ƙwararrun kuma ba su kai ko'ina ba.

Kurame sun sha nasu kashin ta wata fuskar. Bahaushe na da maganar hannu tun da daɗewa, wadda kurame ke yi da danginsu da 'yan kasuwa, har masu ji da yawa sun iya ɗan abin da ba a rasa ba. Amma yaren hannun da ya shiga makarantu ya samo asali ne daga na Amurka, ta hanyar aikin su Foster, kuma yana tafiya ne da Turanci. Sai yaro ya tafi makarantar kwana ya dawo hutu da alamomin da uwarsa ba ta gane ba. Na taɓa ganin haka a gidan wasu makusantana: yarinya ta dawo ta iya rubutu tsaf, amma ita da kakarta sai kallon-kallo. An samu karatu, an yi asarar hira.

Kuma yaran ba raguwa suka yi ba a waɗannan shekaru. Ƙyanda ta makantar, shan inna ya gurguntar, sanƙarau ya kurumtar, musamman babbar annobar 1996. Sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, kuma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu.

Abin da ya biyo baya an fi jin labarinsa. A 1994 ƙasashe 92 suka hallara a Salamanca ta Sifaniya suka amince makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da karatun shekara tara kyauta kuma dole. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Za ka ga an zuba gangaren siminti a bakin wasu sabbin ajujuwa don keken guragu, abin a yaba ne. Sai dai siminti ya fi saurin bushewa a kan horon malami. Gangare zai shigar da yaro aji, ba zai karanta wa makaho abin da ke kan allo ba.

Shi ya sa idan na ji malami yana cewa ba zai iya ba, ba na saurin ganin baƙinsa. Malaman da aka horar a guguwar 1976 sun yi ritaya, amma yaran da suka koyar su ne hedimastoci yau, kuma ajin da suka sani ke nan tun suna 'yan shekara shida. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34. Uba daga wani ƙauyen Daura zai riƙo hannun ɗansa kurma ranar ɗaukar sabbin ɗalibai, a ba shi kujera, a gaisa cikin mutunci, sannan hedimasta ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi ba mu da malaminsa. Sai dai ka gwada Malumfashi." Daga Daura zuwa Malumfashi kuwa sai ka keta jihar daga wannan gefe zuwa wancan, yaron kuma shekararsa shida.