Bankwanan da korona ta tsawaita: waiwaye kan rangadin ƙarshe na ƙungiyar KISS

Ranar 10 ga Maris 2020 ƙungiyar mawaƙan Amurka da ake kira KISS ta yi wasa a garin Lubbock na jihar Texas. Washegari Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kwana ɗaya bayan haka ƙungiyar ta sanar da ɗage wasanni uku da suka rage mata a wannan zango, wato na Tulsa da Biloxi da Lafayette. Aka naɗe wayoyi, aka loda lasifikoki a tireloli, kowa ya nufi gida da zaton nan da 'yan watanni za a sake haɗuwa. Sai da aka shafe wata 17 kafin rangadin ya sake motsawa.

An kafa KISS a birnin New York a 1973, kuma kiɗanta shi ne rock mai nauyi: jita mai lantarki da ake ƙure wa murya, da ganguna masu girgiza ƙirji. Amma ba kiɗan kaɗai ya yi mata suna ba. 'Yan ƙungiyar na hawa dandamali fuskokinsu a shafe da fenti fari da baƙi, kowa da irin zanensa. Gene Simmons, mai jita mai kaurin murya, yana fesa wuta daga bakinsa, yana tofar da jinin bogi, sanye da kaya masu kama da sulke da nauyinsu ya kusa kilo 18, da takalma masu tudun inci bakwai. Paul Stanley, jagoran waƙa mai zanen tauraro a ido, yakan kama igiya ta ratsa da shi saman kawunan jama'a zuwa wani ƙaramin dandamali a tsakiyar taro. Wasa ne na ƙarfin jiki, na kusan awa biyu kowane dare. An haifi Simmons a 1949, Stanley kuma a 1952. Duk wanda ya riƙe waɗannan shekaru biyu a ransa zai gane abin da jinkirin annoba ya ci musu.

A watan Satumba 2018 suka sanar da rangadin bankwana mai suna End of the Road. Ba kowa ya gaskata su ba, domin sun taɓa yin bankwana a 2000 zuwa 2001, suka kuma dawo. Wannan karon dai Stanley da Simmons ne kawai suka rage daga mutum huɗun farko, tare da Tommy Thayer a jita da Eric Singer a ganguna. Aka buɗe a Vancouver ta Kanada ranar 31 ga Janairu 2019, aka zagaya Arewacin Amurka da Turai, aka je Japan a Disamba. Babban tuntuɓen da aka yi a shekarar shi ne: mura mai tsanani ta kwantar da Stanley a Nuwamba, aka fasa zuwa Ostiraliya. A wannan watan ne kuma suka tsayar da ranar rufewa, 17 ga Yuli 2021, a New York, garin da suka faro.

Wanda bai san yadda ake shirya irin wannan rangadi ba zai ɗauka ɗagewa magana ce ta sauya rana a kalanda. Ba haka ba ne. Manyan zaurukan Amurka gidajen ƙungiyoyin ƙwallon kwando ne da na wasan hoki na kan ƙanƙara, don haka ranakun da ke sake kaɗan ne, kuma tun shekara guda ko fiye ake kama su. Kayan dandamali na tafiya ne a jerin tireloli, in za a ƙetare teku kuma a jirgin ruwa ko na sama, da takardun kwastan da bizar ma'aikata. Kowane gari an ɗaure shi da na gaba da shi: a sauke kaya da asuba, a kafa kafin la'asar, a yi wasa, a warware cikin dare, a kwana a mota. Idan gari ɗaya ya fita daga jerin, lissafin sauran ya rikice. A 2020 kuwa jerin ne gaba ɗaya ya watse, kuma na kowace ƙungiya a lokaci guda. Da aka fara buɗe ƙofofi, mawaƙa ɗari suna neman daren Asabar ɗaya a zaure ɗaya.

Haka wasannin KISS na Kudancin Amurka da aka tsara a 2020 suka yi ta gusawa har zuwa Afrilu da Mayu 2022. Na Turai suka koma 2021, sannan 2022. 'Yan Ostiraliya su suka fi shan jira: wanda ya so ganin su a Nuwamba 2019 bai samu ba sai Agusta 2022, bayan ɗagewa a kan ɗagewa, har da wadda rufe iyakar jihar Yammacin Ostiraliya ta jawo.

Masu tikiti ma sun koyi bambancin da ke tsakanin “an soke” da “an ɗage”. In an soke wasa, kuɗinka zai dawo. In an ɗage, kuɗin na nan hannun kamfani har ranar da Allah ya yi. A Afrilu 2020, lokacin da miliyoyin Amurkawa ke rasa aiki, wannan ya jawo wa kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ruwan zagi har daga 'yan majalisa, kafin ya amince ya ba mutane kwana 30 su nemi kuɗinsu da zarar an sa sabuwar rana.

An yi ta maimaita alkaluman asarar manyan. Kuɗin shigar Live Nation, kamfanin da ya fi kowa shirya wasanni a duniya, ya faɗo daga sama da dala biliyan 11 a 2019 zuwa ƙasa da biliyan 2 a 2020. Mujallar Pollstar mai bibiyar harkar ta ƙiyasta asarar shekarar da fiye da dala biliyan 30. Amma abin da ya fi damuna ba ya cikin waɗannan alkaluma. Bayan mutum huɗun da haske ke dukan fuskarsu akwai runduna: masu haɗa fitilu, masu hawa rufin zaure su rataye ƙarafa, masu kula da sauti, masu harhaɗa wutar wasa, direbobi, masu girki, masu ɗinki da gyaran kaya. Akasarinsu ba su da albashin wata. Ana biyan su ne muddin ana kan hanya. Hannu baka hannu ƙwarya ne, ko da ƙwaryar ta fi ta wasu girma. Ranar da tirela ta tsaya, ranar abinci ya tsaya. Live Nation ya kafa asusun tallafi mai suna Crew Nation da alkawarin dala miliyan 10, majalisar dokokin Amurka kuma ta ware dala biliyan 15 a Disamba 2020 don zaurukan da aka rufe da masu shirya wasanni. Duk da haka da yawa daga ƙwararrun sun kama wata sana'a, ba su kuma dawo ba.

Su kuwa KISS, ba mutanen zama ba ne. A daren shiga 2021 suka yi wasa a otal ɗin Atlantis da ke Dubai, aka watsa kai tsaye ta intanet ga wanda ya biya. Wutar da aka harba a daren ta shiga kundin Guinness sau biyu: harshen wuta mafi tsawo a wasan kiɗa, mita 35, da harsunan wuta 73 da aka saki a lokaci guda. An yi abin kallo, ba shakka. Sai dai dare ɗaya ne. Ranar 17 ga Yuli 2021 da aka yi wa laƙabin ranar ƙarshe ta zo ta wuce ba a kunna ko fitila ɗaya ba.

Rangadin ya dawo ranar 18 ga Agusta 2021 a Mansfield ta jihar Massachusetts, daidai lokacin da nau'in korona na Delta ke bazuwa a Amurka. Yanayin sana'ar ma ya sauya. Kamfanonin inshora sun cire cututtuka masu yaɗuwa daga abin da suke biya, ma'ana duk daren da korona ta hana wasa, asarar na kan ƙungiya da masu shiryawa. Wannan matsi ne babba: kowa na da dalilin son a hau dandamali ko ana ha-maza-ha-mata.

Ba a cika kwana goma ba Stanley ya kamu, aka ɗage wasan Burgettstown na ranar 26 ga Agusta. Kwanaki kaɗan Simmons ma ya kamu. Dukansu sun yi rigakafi, suka warke, aka ci gaba a Satumba.

Ranar 17 ga Oktoba 2021 mutumin da ya shafe shekara 20 yana kula wa Stanley da jita ya rasu a ɗakin otal a Detroit, inda aka killace shi bayan ya kamu da cutar. Aikin irin wannan mutum a duhu yake. Shi ke tsaye a gefen dandamali yana sauya tsirkiya, yana daidaita murya, yana miƙa jita ta gaba a daidai daƙiƙar da ake buƙata. In ya yi aikinsa da kyau, ba wanda zai san yana wurin. Ya bar mata da 'ya'ya maza uku. Stanley ya bayyana shi a matsayin amini da ya dogara da shi a kan dandamali da wajensa.

Bayan rasuwar, wasu ma'aikata uku da suka nemi a sakaya sunayensu suka shaida wa mujallar Rolling Stone cewa an yi sakaci: ba a gwaji kowace rana, ba a kuma tsananta sa takunkumi a bayan dandamali. Ƙungiyar ta musanta, ta ce matakanta sun cika ƙa'idojin hukuma har sun zarce, ta kuma ce wasu ma'aikata sun ɓoye alamun ciwo, wasu sun gabatar da katin rigakafi na bogi. Ko da an ɗauki maganar ƙungiyar yadda take, tana nuna inda gizo ke saƙar. Mutumin da ya kwashe wata 17 ba aiki, ya san in gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar za a bar shi a otal a garin da ba shi da kowa ayari ya wuce, yana da dalili mai ƙarfi na haɗiye tarinsa. Tsarin da ya dogara da irin wannan mutum ya kai ƙarar kansa, tun farko an gina shi a kan rauni. Tauraro in ya kamu, rangadin ne ke tsayawa ya jira shi. Ma'aikaci in ya kamu, ana neman wanda zai riƙe wurinsa kafin dare. Wannan bambanci ba KISS ta ƙirƙiro shi ba, haka sana'ar take, amma a rangadinta aka ga ƙarshen inda yake kaiwa.

Aka fasa jerin wasannin da aka shirya yi a Las Vegas a ƙarshen shekarar. 2022 ta tafi wajen biyan bashi: Santiago da Buenos Aires da biranen Birazil, bikin Download na Ingila a Yuni, Ostiraliya, sai Tokyo a ƙarshen Nuwamba. Maimakon su rufe, sai suka ƙara zango a 2023, suka sa 1 da 2 ga Disamba a zauren Madison Square Garden na New York a matsayin ƙarshe na gaskiya.

A nan shekaru suka fara karɓar nasu. A Afrilu 2023, cikin zafi da gumin birnin Manaus na yankin Amazon, jiki ya gaza wa Simmons a tsakiyar wasa, aka kawo masa kujera ya ci gaba da kaɗawa a zaune; daga baya ya ce ƙarancin ruwa ne a jiki. A Nuwamba mura ta sake kayar da Stanley, aka soke Ottawa da Toronto da Knoxville, kuma wannan karon babu sauran ranar da za a mayar musu. Da an rufe a Yuli 2021, Simmons na da shekara 71, Stanley 69. Sun rufe suna 74 da 71, bayan wasanni kimanin 250 a rangadin da ya ci kusan shekara biyar.

A daren 2 ga Disamba 2023, bayan sun sauka, allunan zauren suka nuna surorinsu na kwamfuta da kamfanin Industrial Light & Magic ya ƙera, waɗanda aka ce su za su ci gaba da wasa a madadinsu. Abokin hulɗarsu a wannan shi ne Pophouse na ƙasar Suwidin, mai hannu a irin wannan wasa na ƙungiyar ABBA da aka buɗe a Landan a 2022. A Afrilu 2024 Pophouse ya sayi waƙoƙin KISS da sunanta da zanen fuskokin, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 300. Makonni kaɗan kafin wasan ƙarshen, a Oktoba 2023, iyalan mai kula da jitar Stanley da ya rasu sun shigar da ƙara a kotun Los Angeles, suna zargin Stanley da Simmons da manajansu Doc McGhee da Live Nation da kamfanin otal na Marriott da sakacin da ya kai ga mutuwarsa.