Masu adawa da yaƙi a Amurka: ga amsoshin a rubuce, a daina turo mini saƙon murya

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Duk ranar da aka nuna zanga-zanga a talabijin sai wayata ta cika da saƙonnin murya daga gida, wani na minti bakwai, tambaya ɗaya ce tak a ciki, sauran duk gaisuwa. Na amsa wa ƙannena, na amsa wa abokan karatunmu, surukina kuwa sau uku ina yi masa bayani. Na gaji. Ga su nan a rubuce. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Wai da gaske har da Turawa a masu zanga-zangar Gaza, ko dai Musulmi ne kawai?

Da gaske ne. Akwai Larabawa, akwai baƙaƙen fata, akwai farare, akwai Yahudawa masu yawa. A Oktoban 2023 ƙungiyar Yahudawa ta Jewish Voice for Peace ta cika tashar jirgin ƙasa ta Grand Central tana neman a tsagaita wuta, 'yan sanda suka kwashi fiye da mutum 200. Ka daina yi wa mutane kuɗin goro.

Su wa ake nufi da 'yan gaba-dai gaba-dai a can?

Ba jam'iyya ba ce. Ɓangare ne da ya raɓe a jikin jam'iyyar Dimokurat: Bernie Sanders (shi a takarda ɗan ba-ruwanmu ne, amma da su yake zama), Alexandria Ocasio-Cortez, Ilhan Omar, Rashida Tlaib da ire-irensu. Suna son gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar kowa, a ɗaga mafi ƙarancin albashi na tarayya wanda ya tsaya a dala 7.25 a awa tun 2009, a rage kuɗin da ake zubawa a yaƙi. Suna da murya, ba su da yawan kujeru.

To ai Dimokurat ce jam'iyyar zaman lafiya, ko ba haka ba?

Wa ya gaya maka? Wannan tambayar ce ta fi ƙona mini rai, domin wanda ke yin ta yawanci ya riga ya ɗauki jam'iyya kamar yadda ake ɗaukar kulob ɗin ƙwallo.

Lyndon Johnson, ɗan Dimokurat, shi ya faɗaɗa yaƙin Biyetnam. A Oktoban 2002, da Majalisar Dattawa ta ba George Bush izinin afka wa Iraƙi da ƙuri'a 77 da 23, Hillary Clinton da Joe Biden da John Kerry duk suna cikin masu cewa e. Obama da muka yi ta rawa a titi saboda shi, a zamaninsa aka ruguza Libiya a 2011, kuma mutanen Agadez da arewacin Mali ba sa buƙatar in gaya musu inda makaman Gaddafi suka malala. Gwamnatin Obaman ce kuma ta sa hannu a yarjejeniyar 2016 da ke ba Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 3.8 kowace shekara har shekara goma.

Idan kana neman wanda za ka yi wa jinjina, ga Barbara Lee. Ranar 14 ga Satumban 2001, kwana uku bayan harin New York, Majalisar Wakilai ta ba shugaban ƙasa izinin yaƙi da ƙuri'a 420. Mutum ɗaya ya ce a'a, ita ce, baƙar mace daga Oakland. Sai da aka haɗa ta da masu gadi saboda barazanar kisa. 'Yar Dimokurat ce, haka ne, amma sauran 'yan jam'iyyarta fa suna ina a ranar?

Ke nan Trump ya fi?

Ban ce ba. Kar ka sa mini magana a baki.

Larabawan Dearborn da ke jihar Michigan sun yi fushi da Biden kan yaƙin Gaza, kuma suna da dalili. A zaɓen fidda gwani na Fabrairun 2024 fiye da mutum 100,000 a jihar suka dangwala wa gurbin "ban zaɓi kowa ba". A babban taron jam'iyya na Chicago a watan Agusta, wakilan masu wannan ƙuri'a sun roƙi a ba Bafalasɗine ɗan Amurka 'yan mintuna ya yi magana a dandali, aka hana. Da Nuwamba ta zo Trump ya zo na ɗaya a Dearborn, Jill Stein ta jam'iyyar Green ta kwashi wajen kashi 18 cikin ɗari. Bai fi wata uku ba sai ga Trump yana cewa Amurka za ta karɓe Gaza a kwashe mutanenta. A Yunin 2025 ya yi wa cibiyoyin nukiliyar Iran ruwan bama-bamai. An tsagaita wuta a Gaza a Oktoban 2025 da sa bakinsa, ba na hana shi wannan. Amma wanda ya gudu daga Biden ya faɗa hannunsa, gudun gara ya yi ya tarar da zago.

Me ya hana 'yan gaba-dai gaba-dai su kafa tasu jam'iyyar su huta?

Lissafi. A mafi yawan zaɓukan ƙasar, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe komai, na uku ko ya samu ƙuri'a miliyan ba shi da kujera. A 2000 Bush ya ci jihar Florida da ratar ƙuri'a 537, alhali Ralph Nader na Green ya samu sama da 97,000 a jihar. Har gobe 'yan Dimokurat na zagin Nader, wai shi ya janye ƙuri'un da suka sa ɗan takararsu ya faɗi, su kuma magoya bayansa na cewa ƙuri'arsu ba gadon kowa ba ce. Rigimar a tsaya cikin gida ko a fice ba ta ƙarewa. Duk wanda ya ga zamanin santsi da taɓo a PRP ya san irin wannan faɗan, 'yan gida ɗaya sun fi jin haushin juna a kan abokin gaba.

Me ya sa ba ma ganin girman zanga-zangar a manyan kafafen labaransu?

Bari in ba ka abin da idona ya gani. Ranar 15 ga Fabrairun 2003 na fita zanga-zangar ƙin yaƙin Iraƙi a Manhattan. Sanyi kamar zai cire kunne. Hukumar birni ta hana a yi tattaki, ta ce a tsaya wuri ɗaya a titin First Avenue kusa da Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutane suka yi yawan da titin ya kasa ɗauka, suka malala zuwa na biyu da na uku, 'yan sanda a kan dawakai suna tura mu cikin shingayen ƙarfe. Wata tsohuwa farar fata da ke gefena ta cire safar hannunta ɗaya ta ba ni, ganin yadda yatsuna suka sandare a jikin kwali. Dubban ɗaruruwa ne a titi. Da na koma gida na kunna talabijin, kafin shayina ya huce an wuce labarin, an koma wa tsofaffin janar-janar suna nuna taswirar Bagadaza da sanda.

A watan ne tashar MSNBC ta soke shirin Phil Donahue, mutumin da ke gayyato masu adawa da yaƙin. Wata guda bayan nan aka fara luguden wuta. Sai a Mayun 2004 jaridar New York Times ta fito ta amsa cewa rahotanninta kan makaman ƙare-dangi na Saddam ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Ihu bayan hari.

Amma kar ka ɗauki wannan ka ce duk abin da suka buga ƙarya ne, ka koma dogaro da bidiyon da wani ya turo a WhatsApp ba kwanan wata ba sunan gari. Jaridar nan dai ita ce ta fallasa asirin yaƙin Biyetnam a 1971. Matsalarsu ita ce abin da suke zaɓa su haska. Mutum dubu goma su yi tattaki lafiya, ɗaya ya fasa gilashi, to mai gilashin za ka gani.

Yaya, ina karatu a can da bizar ɗalibi. In shiga zanga-zangar ko kar in shiga?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan. Ƙanena, ni ba lauya ba ne, kuma ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, domin abin ya danganta da takardarka, da makarantarka, da jihar da kake, da kuma wanda ka bari a gida yana jiran ka gama.

A rubuce, tsarin mulkin Amurka ya ba duk wanda ke cikin ƙasar 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, ɗan ƙasa ko baƙo. A Satumban 2025 ma wani alƙalin tarayya a Boston, William Young, ya yanke hukuncin cewa farautar ɗalibai baƙi saboda ra'ayinsu kan Falasɗinu ya saɓa wa tsarin mulki. To amma abin da ke takarda daban, abin da zai same ka kafin takardar ta cece ka daban. Mahmoud Khalil na Jami'ar Columbia yana da takardar zama ta dindindin, wadda ake kira girin kad, ta fi taka ƙarfi nesa ba kusa ba. Jami'an shige da fice sun kama shi a ginin da yake zaune ranar 8 ga Maris 2025, suka kai shi Louisiana, ya yi fiye da wata uku a tsare, matarsa ta haihu ba ya nan. Rumeysa Ozturk, 'yar Turkiyya mai karatu a Jami'ar Tufts, a kan titi aka tare ta tana hanyar zuwa buɗa-baki, kuma abin da aka iya nunawa a kanta maƙala ce da ta sa hannu a jaridar makaranta. Momodou Taal na Cornell, mai takardun Gambiya da Ingila, da aka soke bizarsa tattara kayansa ya yi ya bar ƙasar. Waɗannan suna da manyan lauyoyi da 'yan jarida a bayansu. Kai wa kake da shi?

Sannan zanga-zanga ba iri ɗaya ba ce. Tattakin da aka nemi izininsa, ka tsaya a gefen titi da kwalinka, 'yan sanda suka ce a watse ka watse, haɗarinsa kaɗan ne, kodayake ban ce babu ba, tunda kyamara ba ta barci. Kwana a tanti cikin harabar makaranta bayan an ce a tashi, ko toshe gada, ko shiga gini a kulle ƙofa, wannan wata magana ce. Abokinka ɗan ƙasa in an kama shi, tara zai biya ko a sallame shi da safe, ya samu labarin ba jikoki. Kai kuwa in makaranta ta dakatar da kai, izinin zamanka na iya tafiya tare da rajistarka, ko kotu ba ta same ka da laifin komai ba. Ka kuma tuna tun Yunin 2025 ake umartar masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta a duba, kuma a Yulin shekarar aka mayar da mafi yawan bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku. Fita da sauƙi, dawowa ce aiki.

In zuciyarka ta ƙi kwanciya, kuma na san zafin da kake ji, to ka fara ganin lauyan shige da fice, ba lauyan haya ko na hatsarin mota ba. Ka haddace lambarsa ko ka rubuta a damtsenka, domin waya ce farkon abin da ake karɓewa. Kar ka sa hannu a takardar da ba ka gane ba. Kar ka yi wa jami'i ƙarya, shiru ya fi. Ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku zai ba ka bayani, amma ka sani makaranta suke yi wa aiki.

In kuma ka ga ba za ka iya ba, ba ragwanci ba ne, kar wani ya kunyata ka. Mahaifiyarka gona ta sayar aka tura ka. Masu fasfo ɗin ƙasar suna nan da yawa, su tsaya a gaba.

Ina da girin kad, zan iya jefa ƙuri'a ko sau ɗaya?

A'a. A zaɓen tarayya laifi ne, kuma yana iya sa a kore ka. Ko an miƙo maka fom a wajen karɓar lasin tuƙi, kar ka cike.

To duk wannan ihun yana da wani amfani kuwa?

Bai hana yaƙin Iraƙi ba, ina wurin. Amma ƙuri'ar da Hillary ta jefa a 2002 ta bi ta har 2008, Obama ya yi ta dukanta da ita har ya ƙwace takara. A 2024 ƙungiyar AIPAC mai kare muradun Isra'ila ta kashe fiye da dala miliyan 14 don kayar da Jamaal Bowman, ɗan majalisa mai sukar Isra'ila, a zaɓen fidda gwani, a mazaɓar da ta ɗan taɓo nan Bronx, kuma ta kayar da shi. Cori Bush, 'yar majalisa mai irin ra'ayinsa, ita ma ta faɗi a Missouri. Shekara guda bayan nan Zohran Mamdani, Musulmi haifaffen Kampala wanda bai taɓa ɓoye ra'ayinsa kan Falasɗinu ba, ya doke tsohon gwamna Andrew Cuomo sau biyu, a fidda gwani da babban zaɓe, ya zama magajin garin New York. Yaran da suka yi ta ƙwanƙwasa mana ƙofa saboda shi, da yawansu a wajen tattaki na fara ganin fuskokinsu.

Kai wa ka zaɓa a 2024?

Tsakanina da akwati ne. Surukina ma ya tambaya, bai samu ba.