Binciken mai neman aiki da zaman jiran sakamako

Binciken mai neman aiki shi ne tantancewar da kamfani ko hukuma ke yi wa wanda ya tsallake ganawar ɗaukar aiki kafin a tabbatar masa da gurbin. Abu biyu ya ƙunsa: tuntuɓar mutanen da mai nema ya gabatar su shaide shi, galibi tsofaffin iyayen gidansa a wurin aiki ko malamansa, da kuma duba takardun karatu, tarihin aiki da rajistar laifuka. A wurare da yawa akan fara ba mutum tayin aiki bisa sharaɗi, wato aikin nasa ne idan bincike bai turo wata matsala ba. Tsakanin wannan tayi da amsar ƙarshe ake zaman jira, wanda kan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci kuma watanni.

Tarihi

Al'adar neman shaidar hali a rubuce ta yi ƙarfi a Ingila tun wajen ƙarni na 18, musamman a kan barorin gida. Baran da ya bar gidan ubangidansa ba tare da takardar shaida ba da wuya ya samu wani gidan, don haka takardun bogi suka yawaita, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1792 da ta mai da bayar da shaidar ƙarya a kan bara laifi. Masu gida ne dokar ta ba kariya. Sai a 1994 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta yanke hukunci a shari'ar wani mai suna Spring cewa wanda ya rubuta wa tsohon ma'aikacinsa shaida cikin sakaci har ya jawo masa asara, ana iya neman diyya a wurinsa.

A 2002 Birtaniya ta buɗe ofishin duba rajistar laifuka na ƙasa. A watan Agusta na shekarar wani mai kula da ginin makaranta a garin Soham ya kashe 'yan mata biyu masu shekara 10. Aka tsananta bincike a kan ma'aikatan makarantu a daidai lokacin da takardu suka riga suka taru wa sabon ofishin, har zangon karatu ya kama alhali malamai da dama suna gida suna jiran a wanke su. Rahoton binciken da Michael Bichard ya jagoranta bayan kisan, wanda ya fito a 2004, ya gano cewa 'yan sanda ba su adana bayanan zarge-zargen da aka taɓa yi wa mutumin yadda ya kamata ba. A Disamba 2012 aka haɗe ofishin da wata hukuma, aka samar da DBS, hukumar da ke duba rajistar laifukan masu neman aiki.

A Amurka dokar da ta fi tasiri ita ce ta rahoton bashi ta 1970. A ƙarƙashinta sai da izinin mai nema a rubuce za a sa kamfanin bincike ya tattara bayanansa, kuma kafin a hana shi aiki saboda rahoton dole a ba shi kwafi. Idan ya ƙalubalanci wani kuskure, kamfanin na da kwana 30 ya sake dubawa.

Abin da ke jawo jinkiri

Yawanci amsar ba a hannun mai ɗaukar aiki take ba. Tsohon shugaba ya yi tafiya ko bai duba saƙo ba, jami'a ba ta amsa wasiƙar tabbatar da digiri ba, kamfanin da mutum ya yi wa aiki ya rufe. A Amurka bayanan shari'a na warwatse a kotunan gundumomi, wasunsu sai an tura mutum da ƙafarsa. A Ingila bincike mai zurfi na DBS yakan maƙale a matakin 'yan sandan yanki, kuma sai ya haura kwana 60 a can ake iya kai ƙorafi. Kamanceceniyar suna ma na tsayar da takarda, abin da ya fi shafar masu sunayen da suka yawaita irin su Muhammad da Abubakar, haka wanda ya zauna a ƙasashe da dama.

Abin lura shi ne dokokin sun ba mai nema haƙƙi a kan abin da aka rubuta game da shi, amma da wuya su ɗora wa mai ɗaukar aiki wa'adin ba da amsa. Nauyin jiran a kan mai nema yake, kuma ya fi tsanani ga wanda ba shi da albashi a lokacin. Shi ya sa masu ba da shawara kan aiki ke jan kunne kada a ajiye tsohon aiki sai an cire sharaɗin a rubuce. Shiru na mako ɗaya ko biyu ba ya nufin an fasa.

Muhawara

Jihar Hawaii ta Amurka ta fara taƙaita tambayar tarihin laifi a takardar neman aiki a 1998, wasu jihohi suka bi. Masana sun saɓa kan amfanin matakin.

A Najeriya

Rundunar 'yan sanda ke bayar da takardar shaidar hali, hukumar DSS kuma ke tantance waɗanda za a naɗa manyan muƙamai. Takardun makaranta da na bautar ƙasa su aka fi sa wa ido: Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai a 1999 kan shaidar karatu ta bogi, ministar kuɗi Kemi Adeosun ta yi murabus a Satumba 2018 kan takardar yafe bautar ƙasa. A Agusta 2023 Majalisar Dattawa ta tabbatar da mutum 45 cikin 48 da aka gabatar mata don zama ministoci, ta jingine uku, ciki har da Nasir El-Rufai, tana cewa tana jiran sakamakon binciken tsaro.