Yaro Mai Yawan Tambaya: Amsoshi Ga Iyayen Da Suka Gaji

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye suke tare ni da su a ƙofar aji kowane zangon karatu, shi ya sa na tara amsoshinsu wuri ɗaya.

Malama, ɗana ɗan shekara uku ba ya rufe baki da "me ya sa". Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Haka yara suke tsakanin shekara biyu zuwa biyar. Wata mai bincike a Amurka, Michelle Chouinard, ta wallafa a 2007 cewa yaran da ta bibiyi hirarsu sukan yi tambaya fiye da 100 a cikin awa ɗaya idan suna tare da babba mai kula su. Naki bai fi na kowa ba.

Ba rashin kunya ba ne yaro ya riƙa titsiye manya da tambaya?

A'a. Rashin kunya shi ne ya katse babba yana magana, ko ya ɗaga masa murya, kuma wannan aikinku ne ku koya masa ya jira. Abin da yake ba ni haushi shi ne, mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata, amma da zarar yaro ya tambayi dalilin da ya sa albasa take sa hawaye sai a daka masa tsawa, a ce ya cika iyayi. Bayan shekara goma kuma iyayen nan su zo suna kukan cewa ba ya buɗe baki a aji.

Na ba shi amsa, amma ya sake maimaita tambayar.

Sau da yawa ba amsa kika ba shi ba, sallamarsa kika yi. Masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna a 2009 cewa yaron da bai samu bayani ba yakan sake tambayar, wanda ya samu kuwa yakan gamsu ko ya wuce zuwa wata. Idan kuna cikin adaidaita sahu da daddare ya ce, "Umma, me ya sa wata yake bin mu?", cewa "haka Allah ya yi shi" gaskiya ne, amma ba ya hana ki ƙara masa cewa wata yana da nisa ƙwarai, shi ya sa bishiyoyin bakin titi suke wucewa da sauri shi kuma yana nan. Nisan ya kai kusan kilomita 384,000, sai dai wannan adadi naki ne, shi "nisa ƙwarai" ya ishe shi.

Idan ban san amsar ba fa?

Ki ce ba ki sani ba, za ku tambayi Abbansa ko kakarsa. Kada ki ƙirƙiro masa dodo.

Ya saba da ragon layya, yana ba shi dusa kullum. Bayan Sallah ya tambaya ina ragon ya tafi, kuma ko shi ma zai mutu. Me zan ce?

Wannan ba ta da amsa guda, domin ta danganta da shekarun yaron, da halinsa, da kuma abin da ya gani da idonsa. Yaron da bai kai shekara biyar ba galibi bai fahimci cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta ba, don haka zai iya sake tambaya gobe da jibi, kuma wannan ba alama ce ta cewa bayaninki bai yi ba. A ganina, gara a gaya masa gaskiya a taƙaice: an yanka ragon domin ibada, ya mutu, ba ya jin zafi yanzu, kuma naman da aka kai wa maƙwabta nasa ne. Ni ban goyi bayan a ce masa ragon ya gudu ba, domin ga fata a shanye a tsakar gida, ga 'ya'yan maƙwabta da za su gaya masa kafin la'asar, sannan ya gane cewa Umma ma tana yin ƙarya. Haka nan a guji cewa ya yi barci, saboda akwai yaran da suke fara tsoron kwanciya idan an haɗa musu barci da mutuwa.

Sashe na biyu na tambayarsa, wato ko shi ma zai mutu, ya fi wuya. Wasu iyayen sukan amsa kai tsaye cewa duk mai rai mamaci ne, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba, amma ɗan shekara huɗu da ya yi wannan tambaya yawanci tsoro yake ji, so yake ya san ko za a rabu da shi. Mai yiwuwa abin da ya fi shi ne ki fara tambayarsa, "Me ya sa ka tambaya?", ki ji inda ya dosa, sannan ki tabbatar masa cewa ba a yi wa yara abin da aka yi wa rago, kuma kina nan tare da shi. Idan an yi rasuwa a gidan kwanan nan, ko ya shiga firgita da fitsarin kwance na tsawon makonni, to a nan ya kamata a ga likitan yara. Baɗi kuma ku yi shawara da Abbansa tun da wuri a kan ko ya kamata ya tsaya wajen yanka.

In ba shi waya ya kalli bidiyo, ai zai koya a can?

Waya ba ta amsa tambayar da ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada yaron da bai kai shekara biyu ba ya zauna kallon allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Ba tambaya kaɗai ba, komai ya gani sai ya taɓa.

To ku kawar da abin da zai cutar da shi, tun da ku ne manya. Har yau ana zuba kalanzir da fiya-fiya a gorar lemo a ajiye a ƙarƙashin gado, ana barin rijiya a buɗe, sannan a doki yaro don ya leƙa. Idan ya sha kalanzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin zai iya shiga huhunsa. A tafi asibiti nan take.

Ina tsakiyar tuƙa tuwo, ga goyo, ga shi da tambaya. Ba ni da haƙƙin gajiya?

Kina da shi. Ki ce masa, "Bari in sauke tukunya, zan gaya maka," amma idan kin sauke ki kira shi da kanki, ko da ya manta.

Tawa kuma ba ta tambayar komai.

Wasu yaran da ido suke bincike, ba da baki ba. Amma idan ta cika shekara biyu ba ta haɗa kalma biyu, ko ba ta waiwayowa idan an kira sunanta, ku kai ta a duba jinta, kada ku zauna jiran ta yi baki da kanta.