Keɓaɓɓen ma'aunin zafi na lantarki

Keɓaɓɓen ma'aunin zafi na'ura ce da ke mayar da zafin abu zuwa siginar lantarki, amma an raba ɓangarenta mai taɓa abin da ake aunawa da sauran da'irar, babu wayar da ta haɗa su. Ana buƙatarsa idan abin da za a auna yana ɗauke da wuta mai ƙarfi, kamar injin famfo, inbata ta sola ko batirin mota mai lantarki. Saƙon kan tsallake giɓin ta hanyar haske, maganaɗisu ko kafasita, wato ɗan ma'ajin cajin lantarki. Masu ƙerawa kan rubuta ƙarfin da giɓin ke jurewa, galibi bolt 2,500 zuwa 5,000 na minti guda.

Tarihi

A wajajen 1821 masanin Jamus Thomas Seebeck ya lura cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta aka ɗumama mahaɗa ɗaya, allurar kamfas da ke kusa tana karkata. Shi ya ɗauka maganaɗisu ne zalla, daga baya aka tabbatar wuta ce ke gudana. Wasu na jingina ganowar ga Alessandro Volta tun kafin nan. Daga wannan aka samu tamokofol, ma'aunin zafi na wayoyin ƙarfe biyu mabambanta da aka haɗa, wanda nau'insa na K ke ba da kusan maikrobolt 41 a kowane digirin Selsiyos.

A 1833 Michael Faraday ya ga juriyar sinadarin azurfa da farar wuta, wato yadda yake tare gudun wutar lantarki, tana raguwa idan ya yi zafi. An jima ba a ci moriyar wannan ba, sai a 1930 Samuel Ruben ya fito da tamista, 'yar na'urar da juriyarta ke canzawa sosai da zafi. William Siemens kuwa ya kawo shawarar amfani da wayar filatinam wajen auna zafi a 1871, sai dai na'urorinsa na farko ba su riƙe daidaito ba. Hugh Callendar ne ya gyara su a Kambrij a wajajen 1887, kuma aikinsa shi ne tushen Pt100 na yau, ma'aunin filatinam mai juriyar om 100 a digiri 0 da kusan 138.5 a digiri 100.

Gwaji

Allon gwaji ƙaramin allo ne da kamfani ke haɗa guntun lantarki na ma'aunin a kansa, a jona shi da kwamfuta ta USB a karanta sakamako. Ana fara tsoma kan ma'aunin cikin niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ruwa, ya nuna digiri 0. Tafasasshen ruwa ya fi ruɗarwa: a Jidda, bakin teku, yana tafasa a kusan digiri 100, amma a Ɗa'ifa, saboda tudu, a wajajen 94. Wanda bai san haka ba sai ya ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Doguwar waya ma tana ƙara juriya, shi ya sa ake jona Pt100 da waya uku ko huɗu. Babban kuskure shi ne haɗa wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu na giɓin lokacin gwaji, domin nan take keɓewar ta tashi.

A Saudiyya

An auna digiri 51.8 a Masallacin Harami a watan Yunin 2024, lokacin aikin Hajji. Hausawan Makka da Jidda masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a can ake kira mukayyif, sun fi cin karo da tamista, sukan duba juriyarta da mita.