Ban ruwa kullum ba shi ne kula da shuka ba

Wai in kana son shukarka ta yi kyau sai ka riƙa zuba mata ruwa safe da yamma, gaskiya wannan maganar ta kashe shuke-shuke da yawa. Saiwa ma numfashi take yi fa, tana buƙatar iskar da ke cikin ƙasa, in ruwa ya cike wajen kullum sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, daga nan ko ruwan ma ba ta iya ja. Abin haushin, ganyen zai yi yaushi ya koma rawaya kamar ƙishirwa ce, sai mutum ya ƙara kwarara mata, shikenan an gama da ita.

Kafin ka ɗauko bokiti tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3, in da danshi ƙyale ta. In ta bushe ka ba ta sosai har ya ratsa, da safe ya fi. Ƙasa mai yashi tana saurin bushewa, ta laka kuwa riƙe ruwa take. In a tukunya ko buhu ka shuka dole ka huda gindin. Sabbin tsiro dai su kam suna son danshi akai-akai, saiwarsu ba ta yi nisa ba tukuna.