Waiwaye: yadda cocin Katolika ta taso daga "a manta" zuwa "a faɗi abin da ya faru"

A ƙauyenmu can wajen Sumaila duk rigimar da aka yi maganar ɗaya ce, a yi haƙuri, ya wuce. Haka aka yi ta ce ma gwaggona a 2004 da rikicin Kirista da Musulmi na Yelwan Shendam a jihar Filato ya fantsamo Kano aka ƙona musu shago, ta dawo gida da yara uku da keken ɗinki. Shekara guda tana zuwa coci amma in aka zo gaisuwar salama sai ta sunkuyar da kai, hannunta cikin zane, mutane na ta cewa ai Kirista ba ya riƙo.

To ita ma cocin ba rana ɗaya ta gane bakin zaren ba. A 1965 babban taron Batikan na biyu, na bishop-bishop ɗin Katolika na duniya, ya fitar da takardar Nostra Aetate, ta ce coci na girmama Musulmi, ta roƙi kowa ya manta da rigingimun baya. Magana ce mai kyau wallahi, amma wanda tabon ke jikinsa ta ina zai manta? Ruwanda ce ta tona wannan, a Afrilun 1994 bishop-bishop na Afirka suka hallara a Roma ana tsakar kisan kiyashi a ƙasar da fiye da rabin mutanenta Katolika ne a lokacin, har cikin coci-coci aka yanka mutane. A saƙon 1 ga Janairun 2002 Fafaroma John Paul na biyu ya ce babu zaman lafiya sai da adalci, babu adalci sai da yafiya, wato yafiya ba ta share hakki. A 2009 aka sake taron Afirka kacokan kan sulhu da adalci da zaman lafiya, Fafaroma Benedict ya sa hannu kan sakamakon a Jamhuriyar Benin a 2011.

Mu nan ba takardar muka gani ba. Katikis ɗinmu ne, mai koyar da addini a coci, wata Lahadi ya bi gwaggo gida ya zauna kan tabarma ya ce, Gwaggo ba ni labarin ranar tun daga safe. Ta yi ta magana har la'asar, ta ambaci wanda ya zuba fetur, ta ambaci maƙwabcin nan Musulmi da ya ɓoye yaran a ɗakin matarsa, wanda duk shekarar nan ba wanda ya taɓa tambayarta shi. Ba ta ce ta yafe ba ranar, shi ma bai matsa mata ba.